Guntu: Yadda Muka Zaɓi Kare a Gida Mai Yara Ƙanana

Da sanyin bara waccan, cikin dare ɗaya, aka zare mana awaki biyu daga garke. Babu wanda ya ji motsi a cikinmu. Sai da asuba maiɗakina ta fita kai musu dusa, ta tarar da turaku biyu a tsaye babu komai, an yanke igiya da wuƙa, an buɗa darni ta bayan gida. Ɗaya daga cikinsu jar akuya ce mai ciki, wadda ta saya a kasuwar Mayahi da kuɗin adashinta. Duk wanda ya zauna a ƙauyukanmu na ƙasar Attantane ya san abin da akuya take a wurin mace. Ita ce asusunta, ita za a ja zuwa kasuwa ranar da yaro ya kwanta ciwo ko rumbu ya yi ƙasa.

Akwai wani mutum a can bakin gari, gidansa ya fi namu kusa da daji, tumakinsa kuma sun fi awakinmu ƙiba, amma ko kaza ba a taɓa masa ba. Abin da ya raba mu da shi wata baƙar karya ce da ke kwana a bakin garkensa.

Bayan kwana biyu, muna zaune da dare, maiɗakina ta ce, "Malam, ko dai mu ma mu nemi kare?" Kafin in buɗe baki ta ƙara da cewa, "Sai dai ina jin tsoro saboda yaran nan." Tana da gaskiya. A lokacin ɗiyarmu ta fari tana da shekara 8, mai bi mata yana da 5, auta kuwa bai cika 2 ba, yana cikin shekarun da duk abin da ya gani sai ya kama, ya ja, ya kai baki.

Maganar ta kwanta har ƙaramar Sallah, lokacin da ƙanena da ke aiki a Yamai ya zo gida. Yara suka kewaye shi suna kallon bidiyo a salularsa, sai ga wani ɗan farin kare mai gashi buzu-buzu, wata yarinya ta rungume shi kamar ɗiyar roba. Ɗiyata ta kawo mini salular da gudu.

"Baba, irin wannan muke so. Ai ƙarami ne, ba ya cizo."

Na karɓa na duba, kuma gaskiya maganar ta shige ni. Na ce a raina ga mafita ta samu: kare mai haushi da zai tashe mu idan ɓarawo ya zo, wanda kuma ƙanƙantarsa ba za ta bari ya yi wa yaro lahani ba. Ni malamin makaranta ne, na ɗauka abin da ya rage kawai shi ne in yi bincike in gano wane iri ya dace.

Na kwashe makonni ina bibiya a intanet, a kan wani ɗan tudu bayan makaranta inda rezo ya fi kamawa. Abin da na fara gani shi ne Turawa sun kasa karnuka iri-iri kamar yadda muke kasa tumaki, wannan balami, wancan uda, wancan ara-ara. Babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, wadda ke ƙasar Beljiyam, ta amince da iri sama da 300. Na tsince ƙananan ciki ina bin su ɗaya bayan ɗaya, ina auna kowane da tsakar gidana.

Na fara da wanda ya fi kowa ƙanƙanta, Ciwawa, ɗan asalin ƙasar Meziko, wanda da wuya nauyinsa ya wuce kilo 3. Sai na tarar su kansu masu kiwonsa suna gargaɗi a kan ajiye shi a gidan da ke da yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya. Ƙasusuwansa sirara ne, idan ya suɓuce daga hannun yaro yana iya karyewa, shi kuma ya san da haka, don haka da an matse shi sai ya kai cizo. Na tuna yadda autana ke riƙe ɗan akuya ta wuya, na wuce gaba. Ko dila ma kallon kalaci zai yi wa irin wannan.

Sai masu taɓaɓɓen hanci, wato Pug da buldog na Faransa, wanda a shekarar 2022 ya zama karen da aka fi yi wa rajista a Amurka. Ana yaba su da haƙuri da yara. Amma kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafin jikinsa, waɗannan kuwa hanyar numfashinsu a matse take tun daga halitta. Ina karanta wannan a watan Afrilu, lokacin da zafi a jihar Maraɗi ke haura digiri 40, a gidan da babu lantarki balle na'urar sanyaya ɗaki. Kawo irin wannan dabba nan zalunci ne.

Shi kuwa wanda ɗiyata ta gani, ƙanena ya ce Lhasa ake ce masa, kuma masu sayarwa a biranen Najeriya suna tallarsa a Facebook. Asalinsa duwatsun Tibet ne, ƙasar sanyi, gashinsa idan aka bar shi har ƙasa yake ja. Na rufe ido na hango shi a bayan gidanmu da kaka, lokacin da ƙarangiya ta nuna. Mu da ke da wando ma sai mun zauna mun tsince ta ɗaya-ɗaya, ina ga wanda jikinsa duka gashi ne? Ga kaska da za ta ɓuya a ciki, ga wanka da taza da yake bukata a garin da mata ke shan wuya kafin su kawo tulu ɗaya daga rijiya. Da ƙanena ya tambayo mini kuɗinsa da na kawo shi, abin ya haura albashina na wata.

Abin da ya ba ni dariya a binciken nan shi ne, ina neman karen Turawa sai na tarar su ma namu suke nema. Dogon karen nan siriri da muke gani yana bin Buzaye da raƙumansu idan sun ratso ta ƙasarmu, shi suke kira Azawak, da sunan kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali. An fara kai shi Turai a farkon shekarun 1970, kuma babbar ƙungiyar karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jerinta a 2019. Yana jure zafi da yunwa, yana tsaron zango. Sai dai namijinsa yana kai santimita 70 a tsaye, kuma an halicce shi ne don gudu a fili, ba zaman ƙaramin tsakar gida ba.

Ina cikin wannan lissafi sai na ga ya kamata in ji ta bakin malaminmu, wanda nake ɗaukar karatun Risala a zaurensa bayan Magariba, domin na san abin da mutane za su ce idan suka ga kare a gidan mai koyar da ƴaƴansu. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina son in ajiye kare, amma ina jin nauyi."

Ya tambaye ni dalili, na ba shi labarin awaki. Sai ya ce shari'a ta yi rangwame a kan karen kiwo, da na gona, da na farauta, kuma a mazhabar Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake idan ya sa baki a ƙwarya ana wanke ta sau bakwai saboda bin umarni. Abin da aka ƙi shi ne ajiye shi a cikin gida haka kawai babu aiki. Ya ƙara mini da wani labari da masu sharhin Risala ke kawowa game da mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. Katangar gidansa ta faɗi a lokacin rashin tsaro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi hakan, ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani, da zaki ma zai ajiye. Muka yi dariya, sannan Malam ya gyara zama ya ce, "Amma ka sani, ranar da ka ɗaure shi a gidanka, cinsa da shansa sun hau wuyanka. An gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, an kuma azabtar da mace saboda kyanwar da ta tsare da yunwa."

Na fito daga zauren da abu biyu. Karen da zan kawo mai aiki ne, makwancinsa bakin garke, ba zai shiga ɗaki ba balle gadon yara. Wannan kaɗai ya fitar da duk ƙananan karnukan da na lissafa, domin su an yi su ne don zaman ɗaki. Na biyu kuma, yana da hakki a kaina. Duk da haka ban saki ra'ayina na farko ba, cewa in dai ƙarami ne to yara sun tsira. Abin da ya raba ni da wannan ra'ayi ya faru ne a ajina.

Wata Litinin ce a watan Mayu, ina koyar da ƴan CE1. Na ba su rubutu a allo, sai na lura wani yaro yana riƙe da alli da hannun hagu, na dama yana cikin riga. Na ce ya fito da shi.

"Mushe, ƙaya ce ta soke ni."

Na kama hannun na duba. Ƴan huda biyu ne ƙanana a gindin babban yatsa, wurin ya ɗan kumbura. Ƙaya ba ta huda biyu a jere haka. Na juya ga aji, kowa ya sunkuyar da kai, sai wata yarinya daga baya ta ce, "Mushe, kwikwiyo ne ya cije shi."

Da na lallashe su labarin ya fito. Ranar Juma'a suna dawowa daga ɗibar ruwa suka ga wani kwikwiyo da ba su san mai shi ba, yana tafiya yana tangaɗi, ba ya gudun mutane. Suka ɗauka sabo ne. Yaron nan ya ɗauke shi, ya cije shi. Washegari suka ga kwikwiyon a mace, suka jefa shi a rami. Kwana uku ke nan yaron yana ɓoye hannunsa ga uwarsa da ubansa, saboda an sha gaya masa duk ranar da ya taɓa kare zai sha bulala.

Na sa aka kawo sabuni da ruwa muka wanke wurin sosai, sannan ni da diraktan makaranta muka bi uban har gona, inda yake sharar fili kafin saukar ruwa. Ya dubi hannun, ya dube mu, ya ce, "Haba Mushe, ɗan kwikwiyo ne fa. Haƙoransa ma ba su yi ƙwari ba." Gabana ya faɗi, domin maganar ɗiyata ce ta dawo mini a bakin babban mutum, kuma ita ce maganar da ni ma na yi makonni ina gina shawarata a kanta.

Da ƙyar ya yarda muka tafi gidan likita. Ma'aikacin lafiyar da muka samu bai ɓoye masa komai ba. Ya ce ƙwayar cutar haukan kare a cikin yawu take, kuma ba ta tambayar girman haƙori. Huda ɗaya ta isa, ƙarzanar farce ta isa, ko lasar wurin da ke da rauni. Ya ce ba kowane kare mai cutar ke zabura yana cizon jama'a ba, wani lafewa yake yi, jikinsa ya mutu, ya zama kamar mai ladabi, irin wanda yara za su ji tausayinsa su ɗauka. Da kwikwiyon yana raye a hannun mai shi, da an tsare shi kwana 10 ana dubawa. Tunda ya mutu washegari, babu abin jira. Sai dai allurar babu ita a wurin, sai a babban gari.

Uban ya yi shiru. Kakar yaron ta riga ta aiko cewa tana da sassaƙen da ake ɗaurawa. Ma'aikacin ya ce masa, "Baba, cutar nan takan kwanta wata biyu ko uku ba a ga komai ba, ciwon hannun ma ya warke. Amma ranar da yaro ya fara tsoron ruwa, babu likitan da zai iya komai, ko a nan ko a Faransa." Washegari mutumin nan ya ja tunkiya zuwa kasuwa. Aka hau moto, aka shiga mota, aka yi ta komawa a ranakun da aka rubuta musu har alluran suka cika. Yaron yanzu yana CM1, yana rubutu da hannun dama.

Daga baya na koma kan tuduna na karanta abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, kuma ina roƙon ƴan uwana malamai da iyaye su riƙe waɗannan alƙaluma. Ana ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke samun cutar. Kimanin 4 cikin kowane 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Yaro gajere ne, don haka cizon yakan same shi a fuska, ko wuya, ko hannu, kuma duk yadda rauni ya kusanci kai haka cutar ke saurin isa ƙwaƙwalwa. Abin takaicin shi ne maganin ya daɗe a duniya. Tun watan Yuli na 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister allurar farko bayan mahaukacin kare ya cije shi, kuma ya rayu. Shekara 140 ke nan, amma a ƙauyukanmu har yanzu yaro na iya mutuwa saboda ya ji tsoron faɗa wa ubansa.

Na yi kusan fasa maganar kare gaba ɗaya. Maiɗakina ce ta ce, "Malam, wanda ya ciji yaron nan ai ba na gidan kowa ba ne. Karnuka suna nan a gari ko mun ajiye ko ba mu ajiye ba. Gara wanda muka sani." Da hutun makaranta ya zo na ɗauki moto na tafi wurin kawuna, tsohon mafarauci da ke zaune ta wajen Gulbin Kaba, wanda ya yi shekaru yana kiwon karnuka. Na nuna masa hoton da ɗiyata ta ajiye. Ya kai salular kusa da ido, ya janye ta, ya ce, "Wannan kare ne ko auduga?"

Da ya gama dariya ya ce, "Ɗana, ba a zaɓen kwikwiyo. Uwarsa ake zaɓe." Ya kai ni gidan wani abokinsa da karyarsa ta haifi biyar, ya ce in zauna in yi kallo kawai. Na wuni a gindin gawo. Na ga yadda ta yi mini haushi da na shigo, ta kuma yi shiru da mai gida ya yi mata magana. Na ga kaji suna kiwo a gabanta ba ta ɗaga kai ba. Na ga jikan mai gidan ya taka mata wutsiya, ta tashi ta sauya wuri. Matsakaiciya ce, ja, mai gajeren gashi, irin karnukan da muke wucewa kullum ba mu ko kallo.

Kawu ya tafa hannu da ƙarfi kusa da ƴaƴan. Ɗaya ya ruga ya ɓuya bayan rumbu, ɗaya ya taso yana gurnani. Ya ce in bar waɗannan biyun, domin matsoraci da mai zafin kai duk cizo suke ƙarewa da shi a gidan yara. Wani kuwa ya zabura, ya tsaya, sannan ya zo ya shinshina ƙafata ya koma wasa. Kawu ya ce, "Ga naka." Amma ya hana ni ɗauka a ranar. Ya ce sai ya cika wata biyu, domin a wurin uwa da ƴan uwansa kwikwiyo ke koyon iyakar cizon wasa, wanda aka raba da su da wuri ba ya sanin ƙarfin bakinsa. Da na koma ɗauka na ciro kuɗi, mai gidan ya ce ba a sayar da kare a gidansu. Goro da sukari na kai masa.

Shi ne mafi gajarta a cikin biyar ɗin, yara suka sa masa suna Guntu. Na yi masa ɗan shinge kusa da garke, inda ba ya haɗuwa da karnukan gari. Na nemi likitan dabbobin da ke zuwa yi wa bisashe rigakafi, ya ce idan ya cika wata 3 a yi masa allurar haukan kare, a riƙa sabuntawa a ranar da za a rubuta a karne, a kuma ba shi maganin tsutsar ciki, tunda yara a ƙasa suke wasa. Ranar da na sa Guntu a kwali na ɗaure a bayan moto, mutanen majalisa suka yi ta dariya, wai Mushe ya kai kare likita. Na bar su da dariyarsu. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar kan daina yawo a wurin. Allurar da aka yi wa Guntu, yaran waɗanda suka yi dariyar ma ta tsare.

A gida muka kafa dokoki, kuma na sa manyan biyu suka haddace su kamar karatun allo. Ba a zuwa wurin kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa. Ba a jan kunne ko wutsiya, ba a hawansa, ba a kai fuska kusa da bakinsa. Ba a jifansa, domin karen da ya saba shan dutse daga hannun yara, yara yake ɗauka abokan gaba. Idan baƙon kare ya taso, ba a gudu, a tsaya cik, a sauke hannu, a kau da ido. Ba a ɗaukar kwikwiyon da ba a san gidansu ba, komai kyansa, musamman wanda ba ya gudun mutane. Auta kuwa ba a barinsa shi kaɗai da Guntu ko na ƙiftawar ido, kuma wannan dokar tamu ce mu manya, ba a ɗora ta a kan ɗiya mai shekara 8.

Doka ta ƙarshe ita ce ta fi yi mini wuya, domin ni ta ɗaure. Na tara su na yi musu alkawari cewa duk wanda kare ya ciza, ko ya ƙarza, ko ya lasar masa ciwo, in dai ya zo ya faɗa nan take, babu duka babu faɗa, ko da shi ya jawo. Za a wanke wurin da sabuni da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a tafi gidan likita a ranar. Iyaye, mu duba wannan da kyau. Bulalar da muke tsorata yara da ita don su guji kare, ita ce ta sa ɗalibina ya ɓoye hannunsa kwana uku. Da yarinyar nan ta bayan aji ba ta yi magana ba, da sai cikin damina za a gane, lokacin da babu sauran abin yi.

Ba zan ce ajiye kare babu wahala ba. Yana ci kullum, har da watannin da hatsi ya yi tsada, kuma ƙanzo da ruwan wanke tukunya kaɗai ba sa riƙe shi. Karen da aka bari da yunwa shi ke yawon bola, ya yi faɗa da na daji, ya kwaso cuta ya kawo gida. Yana kuma iya rayuwa shekara 10 ko fiye, wato wanda ya ɗauki kwikwiyo yau yana tare da shi har ɗansa na CI ya gama koleji. Guntu kansa ya taɓa kashe zabuwar maƙwabta, na biya, na kuma ba da haƙuri. Wanda ya san ba zai iya ciyarwa da allura ba, ya gyara darninsa ya haƙura, ya fi masa alheri.

Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ranar da Pasteur ya rasu a 1895, kuma tana zuwa ƴan kwanaki kafin mu koma makaranta. Tun daga wannan shekarar, a makon farko na komawa, nakan ware rabin awa in rubuta a babban allo: "A kare yaro daga kare." Yara su yi ta dariya suna gardamar yadda za a karanta, daga nan in shiga maganar sabuni da minti 15 da alkawarin rashin duka. Darasin bai cikin tsarin karatu, amma ban ga sufeton da zai hana shi ba, kuma ina ba abokan aikina shawara su gwada.

Guntu yanzu ya wuce gwiwata a tsaye, sunan ne kawai ya rage masa. Ɗiyata har gobe idan kawunta ya zo sai ta ce ya nuna mata farin karen nan, amma ita ke kai wa Guntu ruwa da safe. Shekaranjiya ina gyaran fitila na hango auta ya nufi inda yake cin tuwo, kafin in tashi yayansa ya riƙo shi ta riga yana cewa, "Ba a zuwa yana ci." Guntu ya ɗaga kai ya dube su, ya ci gaba da abincinsa. Jar akuyar da maiɗakina ta sake saya tana kwance a bayansa da ƴaƴanta biyu.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke hakkin duk abin da muka ɗaure a gidajenmu.